Sansanin Rani a Zauren Malam: Zagaye Daga Gyaɗi-Gyaɗi Zuwa Tarauni

Manyan tituna biyu ne suka ratsa ƙaramar hukumar Tarauni. Na farko titin Zariya, wanda ya biyo ta Dangi ya keta Gyaɗi-Gyaɗi, ya wuce ta gaban Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya bi ta Unguwa Uku ya nufi kudu. Na biyu titin Maiduguri, wanda ya bi ta gefen Tarauni, ya fita ta Hotoro ya miƙe gabas. Yau idan an ambaci titunan nan, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne cunkoso da hayaƙi da ƙarar a-daidaita-sahu. A bakin malaman allo kuwa, sunayen biyu na da wata ma'ana daban. Gabas, wato ƙasar Barno, can ake zuwa neman hadda da gyaran tilawa. Zariya kuma can ake zuwa karatun littattafai, irin su nahawu da fiƙihu da lugga. Tun kafin a zuba kwalta, masu allo a hannu da buzu a kafaɗa suke bin waɗannan nahiyoyi biyu, wasu na fita Kano wasu na shigowa.

Abin da ya sa na tuna da su shi ne wani abu da da yawanku kun taɓa gani a finafinan Amurka. Makaranta ta yi dogon hutu, iyaye su haɗa wa yara jaka, a zuba su a mota a kai su wani daji kusa da tafki. A can za su yi makonni suna kwana a ɗakunan katako, suna iyo da rana, da dare su hura wuta su zagaye ta. Wannan shi ne sansanin hutun bazara, kuma da yawa daga cikinsu na iyali ne: miji da mata suka kafa, ɗa ya gada, jika ya karɓa. Wanda aka fi ambata a matsayin na farko na wani malamin makaranta ne mai suna Frederick Gunn da matarsa Abigail, a jihar Connecticut. Makarantarsu a gidansu take, ɗalibai na kwana tare da iyalin. A 1861, shekarar da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke, suka kwashi yaran a ƙafa har bakin teku, suka kafa tantuna, suka yi kamar mako biyu suna kamun kifi da tuƙa kwalekwale. Daga baya wasu suka kwaikwaya, abin ya zama al'ada.

To ku sake duba siffar. Malami da matarsa, makaranta a cikin gida, 'ya'yan mutane suna kwana, lokaci ya zagayo a ɗaure kaya a tafi wani wuri a ƙafa, dare ya yi a hura wuta a zagaye ta. Ɗan Kano bai kamata ya ji wannan ya ce baƙon abu ne ba. Cire tafkin da kwalekwalen, ka sa allo da tawada, sai ga makarantar malamin cirani a gabanka. Ban ce abu ɗaya ba ne. Yaron can iyayensa ke biyan maƙudan kuɗi don ya je ya sha iska, namu kuwa neman karatu ne ke fito da shi, sau da yawa da talauci a bayansa yana tura shi. Amma tushen abin ɗaya ne: iyali guda ya karɓi amanar 'ya'yan wasu na wani lokaci sananne, lokacin ya cika ya mayar da su. Karatun allon ma ya girmi sansanin Gunn nesa ba kusa ba. Tarihin Kano ya nuna malaman Wangarawa sun shigo zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, kuma Shehu Magili ya zauna a birnin zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499.

Inda muka fi bambanta da su shi ne lokaci. Hutunsu daga Yuni zuwa Agusta yake, wato tsakiyar daminarmu, lokacin da babu manomin da zai saki yaro mai iya riƙe fartanya. Namu sai bayan kaka. Gero da dawa sun shiga rumbu, wake ya bushe an roro, babu sauran aikin gona sai ruwa ya sake sauka. A nan malamin ƙauye zai tara yaran da iyayensu suka ba shi, da gardawansa, su nufi birni ko wani babban gari. Wannan shi ne cirani, sunan ma ya faɗi kansa: a ci rani a wani wuri. Hikimar a fili take. Bakunan da ke cin rumbun gida sun ragu na wata biyar ko shida. Yaro ya yi nesa da shagwaɓar uwa da wasan dandali, ya mai da hankali ga allo. Birni kuma akwai sadaka, akwai aikin ƙarfi ga manya. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai a naɗe tabarma. Kowa ya san ranar komawa, ko da ba a rubuta ta a takarda ba.

Wuraren da muke kira unguwanni yau a wannan yanki, a da ƙauyuka ne da gonaki a wajen ganuwa. Ba sai an buɗe littafi ba, sunayen sun isa shaida. Cikin mazaɓu goma na Tarauni akwai wadda har gobe ake kira Ƙauyen Alu. Maƙwabciyarsu ta wajen titin Gidan Zu sunanta Gandun Albasa, ko da yake yau sai dai ka sayi albasar a tire. Irin wannan wuri shi ya fi dacewa da malamin cirani: kusa da birni yadda za a shiga a fito a wuni guda, ga kuma fili, ga kara, ga inuwar itatuwa. Yanzu ƙaramar hukumar ba ta wuce murabba'in kilomita 28 ba, amma ƙidayar 2006 ta samu mutum sama da 220,000 a cikinta, kuma kowa ya san an ƙaru sosai tun daga lokacin.

Mai son ganin abin da ya rage na wancan zamani sai ya yi sammako. Ka sauka a Dangi bayan an idar da sallar asuba, lokacin da gadar ba ta cika da motoci ba, ka gangara ka bar kwalta ka shiga lungunan Gyaɗi-Gyaɗi. Kunne ke riga ido isa. Kafin ka ga kowa za ka ji wani amo kamar na kudan zuma sun tashi, muryoyi talatin ko arba'in kowacce na karanta nata wurin, babu mai jiran wani. Wanda bai saba ba zai ce hayaniya ce. Malam kuwa yana zaune a kan buzu, kamar hankalinsa na kan carbi, amma da yaron da ke can kusurwa ya ja wasalin da bai kamata ba sai ka ji ya ɗaga murya ya gyara masa, ko kallon inda yake bai yi ba. Wannan abu har yau yana ba ni mamaki.

Ka leƙa zauren idan an ba ka izini. Alluna a jingine jikin bango, manya a baya ƙanana a gaba. Akwatunan ƙarfe a jere da ƙananan kwaɗo, wasu kuma buhu ne kawai aka ɗaure bakinsa. Tabarmi a naɗe, igiya da riguna a rataye, robobin abinci a kife. Ɗakin kwana ke nan, ajin karatu ke nan, ma'ajiya ke nan. Tafiyar 'yan mintuna daga nan za ka fito titin Kotu, inda nan da awa biyu lauyoyi za su fara sauka daga mota da baƙaƙen riguna. Unguwa ɗaya ce.

Akwai wani gida da na sani tun ina ƙarami, a lungunan da ke tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da kasuwar Tarauni. Ba sai na kama suna ba, irinsa na da yawa, kuma labarinsu na kama da juna. Yadda mutanen gidan ke bayarwa, kakan malamin yanzu ɗan cirani ne daga wani ƙauye na gabashin Kano. Duk rani yakan zo da yaransa, mai unguwa ya nuna masa gefen gonakin da aka girbe, su kafa bukkoki da kara da zana. Wannan ita ce tsangaya ta asali. Da yamma kowane yaro ya tafi ya samo kara ko kirare, a tara a tsakiyar fili, bayan isha a kunna. Wutar ita ce fitila, ita ce bargo a lokacin hunturu, kuma ita ce agogo, domin karatun dare ba ya tashi sai ta ci ta lafa. Gardawa kuma da rana sukan ware su yi nesa da gari, kowa ya sami gindin itaciyarsa ya yi ta tilawa shi kaɗai. Wannan keɓewa ita ake kira kiskadi.

Bayan shekaru yana zuwa yana komawa, mutanen wurin suka riƙe shi. Aka ba shi gona, aka ba shi mata, ya yi ginin ƙasa da zaure. Daga nan makarantar ta zauna, amma ba ta bar bin kalandar damina ba. Yawancin yaran na komawa gida da ruwan fari. Waɗanda suka rage su yi noma a gonar Malam da safe, su yi karatu da yamma, kuma abin da aka noma shi ake ci. Ku riƙe wannan gonar a ranku, domin ita ce ke ciyar da makarantar.

Ɗansa shi ya ga birni ya taho ya same su har gida. An ƙirƙiri jihar Kano a 1967, Audu Baƙo ya zama gwamna, aka shiga gine-gine, har da gidan namun dajin da ke ɗauke da sunansa a nan kusa. A farkon shekarun 1970 aka yi farin da ya kori mutane da yawa daga ƙauyuka. A 1976 gwamnatin tarayya ta kawo shirin firamare kyauta ga kowa, a 1978 aka yi dokar da ta mayar da ikon filayen birni hannun gwamna, a 1988 aka kafa asibitin koyarwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya jawo ma'aikata da 'yan kasuwa masu neman wurin zama. Gonar Malam ta zama fulotai. Wani ɓangare aka raba gado, wani aka sayar aka yi wa zauren bulo da rufin kwano. Gidan ya yi kyau, babu shakka. Sai dai a daidai lokacin da gonar ke tafiya, yaran da ake kawowa ƙaruwa suke yi.

Jikan shi ne Alaramma na yanzu. Ya haddace, ya je gabas ya dawo, kuma ya yi sakandare, abin da kakansa ko a mafarki bai yi tunani ba. Yana da waya, ranar Juma'a yara kan yi layi a gabansa suna jiran iyayensu su kira. Wani uban kan turo ɗan abin da ya samu ta wajen mai POS na bakin layi. Wasu daga cikin yaran na zuwa firamare da safe. Fitilar sola ta maye gurbin wutar kara, don ko an so hurawa babu filin, babu karan. Abin da ba shi da shi, wanda kakansa ke da shi, shi ne ko taƙi ɗaya na gona.

Duk wanda ya ba da labarin irin wannan gida ya tsaya a kan maza uku, ya bar rabin labarin a cikin gida. Akwai matar Malam, wadda yaran ke kira Inna. Ba ta zama a zaure, ba a kiran sunanta ranar sauka, amma ita ta san wanda ke fitsarin kwance, da wanda ya kwana da zazzaɓi, da wanda ya yi kwana uku ba ya magana saboda kewar gida. Ita ke dama koko ga ƙanana kafin su fita, ita ke wanke kan mai makero ta shafa masa magani, a wajenta ake ajiyar 'yan kuɗin da yaro ya tara don ɗinkin Sallah. Surukarta haka ta yi, kakar mijinta ma haka. Wannan gadon ba a rubuta shi a allo, a madafa ake koyonsa. A ganina Abigail Gunn da Inna da za su haɗu, ba za su rasa abin hira ba.

Bayan Inna sai matan unguwa. Kusan kowane gida a lungunan nan na da almajirinsa, namu ma haka. Ya ɗebo ruwa, ya kai niƙa, ya je cefane, ya fitar da shara. A ba shi abinci, da sabulu, da tsohuwar riga, wani lokaci da kuɗin mako. Matar gidan ita ce uwar ɗakinsa. A inda mata ba su cika fita ba, yaron nan shi ne ƙafarsu zuwa kasuwa. Idan an dace, zumunci ne da kan kai har aure da suna, ka ga gardi ya dawo bayan shekaru da buhun gero yana gaida uwar ɗakinsa. Idan ba a dace ba, aiki ne na bawa a kan ƙanzo da ragowar miya. Wata mai bincike Bajamushiya, Hannah Hoechner, ta zauna a Kano tana nazarin wannan rayuwa, ta fitar da littafi a kai a 2018. Kafin nan ta taimaka wa wasu almajirai suka shirya fim da kansu mai suna Duniya Juyi Juyi. Abin da ya fi fitowa a fim ɗin shi ne yadda wulaƙanci ke ci musu rai, har ya kan fi yunwa zafi. Ku neme shi ku kalla.

Shi karatun kansa yana da tsari, kada ganin yara a zube a ƙasa ya ruɗe ku. Ana zama bayan asuba zuwa hantsi, a tashi neman kalaci. A dawo a wanke allo, a shanya, a rubuta sabon darasi, a kai wa Malam ya biya. A sake zama bayan azahar, sannan da dare. Daga yammacin Laraba ake hutu, Alhamis babu karatu, sai Juma'a da yamma ko Asabar a koma. Ranar Laraba ce kuma ake kawo ɗan abin da ake kira kuɗin Laraba, wanda ba ya isar Malam ko cefanen kwana biyu. Allon yawanci da itacen aduwa ake sassaƙa shi, alƙalamin da karan gamba ake fiƙe shi, tawadar kuma baƙin gawayi ko na tukunya ne da ƙaro. Yaro kan fara da babbaƙu, wato haruffa tsirara, sannan farfaru, wato wasulla. Daga Fatiha a juya ƙarshen Alƙur'ani a faro daga Nasi ana hawa. Ya kai Sabbi, izu ɗaya ke nan. Ya kai Amma, izu biyu. Haka har sittin, a yi masa allon zayyana a yi sauka. Sauka kuwa ba ƙarshe ba ce. Sai a koma tishe, a shiga hadda, a kai ga satu, wato rubuta darasi a allo da ka ba tare da duba takarda ba.

Ku da kuke Islamiyya za ku lura da wani bambanci. Ku ruwayar Hafsu kuke karantawa a bugun zamani, su kuwa ruwayar Warshu suke yi, da rubutu irin na Magrib. A nasu, harafin fa ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama. Na sha ganin ɗan Islamiyya ya ɗauki allo ya ce an yi kuskure, alhali shi ne bai san rubutun ba.

Akwai kuma matakai na girma, kamar yadda kuke da ƙaramar sakandare da babba. Ƙarami shi ne kolo, na gaba titibiri, saurayi gardi. Daga nan malam, sai alaramma wanda ya haddace har ya rubuta, sai gwani, sai gangaran a can ƙoli. Gwani na iya zama da farar takarda da alƙalami ya rubuta Alƙur'ani daga farko har ƙarshe da ka, ya sa wasali da ja, kuma ya faɗa maka sau nawa kalma kaza ta zo da inda ta zo. Mu a jami'a muna kuka da haddar shafi goma kafin jarrabawa. Gardawa su ne mataimakan Malam, su ke biya wa ƙanana, su ke tashin su da asuba. Da su ne kuma ake cin kasuwar unguwa: ɗinkin hula, wankin hula, yankan farce, wanki da guga, turin kurar ruwa. Zagaya kasuwar Tarauni ranar Alhamis, ka tambayi masu dako da masu wankin babur inda suke kwana.

Cewa abin gado ne na iyali ba a wannan lungun kaɗai yake ba. Marigayi Khalifa Isyaku Rabi'u, wanda ya rasu a 2018, ɗan Malam Muhammadu Rabi'u Ɗantinƙi ne, sanannen malamin Alƙur'ani. A makarantar mahaifinsa ya fara, aka tura shi Maiduguri ya ƙaro, sannan ya dawo ya haɗa malanta da kasuwanci har ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran Kano. Ɗansa Abdussamad shi ne mai kamfanin BUA. Masu kare tsarin allo na son kawo wannan misali, kuma gaskiya ne. Sai dai shi ɗan Malam ne, a gaban mahaifinsa ya tashi. Kolon da aka sauke a tasha yana ɗan shekara shida, lissafinsa daban ne.

A nan ne nake ganin abin ya karkace. Ba allon ne ya lalace ba, ba kuma malaman ne suka zama mugaye dare ɗaya ba. Ranar komawa ce ta ɓace. Tsarin da aka gina a kan wata shida a birni, wata shida a gona, ya koma shekara goma sha biyu ga wata... a'a, ya koma zaman da ba a san ƙarshensa ba. Malam ya zauna a birni, ba shi da gonar da zai koma. Uban yaro gonarsa ta ƙanƙance da rabon gado, taki ya yi tsada, bai ƙagu a dawo masa da baki ba. Waɗanda suka fito daga sassan Zamfara da Katsina inda 'yan bindiga suka hana noma, iyayensu sun fi samun kwanciyar hankali idan yaron na Kano. Sai ka samu yaro ya yi Sallah uku bai ga uwarsa ba. Kuma shekarun waɗanda ake kawowa sun yi ƙasa. Gardi ɗan shekara goma sha bakwai ya zo cirani, ya yi ɗinkin hula ya ci abinci, wannan ba abin kuka ba ne. Yaron da bai iya wanke rigarsa ba fa?

Sauran matsalolin daga nan suke fitowa. Zauren da aka gina don mutum goma sha biyar yana kwana da ninkin haka. Banɗaki ɗaya. Ƙazuwa ta kama ɗaya ta zagaye kowa. A watan Janairu, lokacin da ku kuke ƙin fitowa daga bargo, wasu a barandar shago suke kwana. Gardi ɗaya da dorina a kan yara hamsin, dole wani lokaci hannu ya yi nauyi, kuma ban ga dalilin ɓoye wannan ba. Bara kuma, wadda a da zagayen gidajen maƙwabta ne da aka san juna, ta koma tsayuwa a bakin danja tsakanin motoci.

Hukuma ta gwada hanyoyi. A 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi da ke Sakkwato, aka gina irinta sama da ɗari a jihohi. A farkon 2020 gwamnatin Kano ta sanar da hana bara a titi, da korona ta shigo kuma gwamnonin Arewa suka shiga mayar da almajirai jihohinsu a motoci. A 2023 aka sa hannu a dokar kafa hukumar tarayya ta kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Bayan duk wannan, zauren da na ba ku labari yana nan cike. Nawa ganin, an fi mai da hankali ga gina sabon wuri ko kwashe yara, an bar iyalan da uban yaro ya yarda da su tun zamanin kakansa. Uba ba gini yake ba ɗansa ba, mutum yake ba. Da za a zauna da Alaramma da Inna a yi maganar adadin da zauren zai iya ɗauka, da shekarun da ba za a karɓi yaro ƙasa da su ba, da abinci, da banɗaki, da watan da dole kowa ya je gida, da an taɓa inda ke ciwo.

Dogon hutunku a Agusta yake faɗowa. Wasunku za su tafi lesin, wasu daurar haddar hutu, wasu taron hutu na ƙungiyar ɗalibai Musulmi, wasu a tura su ƙauye wajen kaka. A lissafin da, wannan ne watan da ya kamata zauren Malam ya zama fayau, alluna a jingine babu masu su, kowa na can yana maimai a gonar ubansa. Idan kun bi ta lungun a wannan hutun, ku leƙa ku ƙirga. Ku gaida Malam yadda ya kamata, Allah ya gafarta Malam, sannan ku tambayi yaron da ke kawo muku niƙa garinsu, da izu nawa ya kai, da rabonsa da gida.

Zagayen nawa a tashar Unguwa Uku yakan ƙare, can ƙasa da asibitin. Wajen ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, idan an yi ruwa biyu ko uku, har yanzu za ka ga ragowar tsohon tsarin. Gardawa ne yawanci, uku-uku, huɗu-huɗu, da akwatin ƙarfe da allo a naɗe cikin tabarma, wani da sabuwar rediyo, wani da turmin atamfa na uwarsa, suna ciniki da kamasho a kan kuɗin kaya. Su suka tara kuɗin motarsu da allura da zare. Ƙananan da suka rako su ɗaukar kaya kan tsaya har motar ta tashi, sannan su ɗauki robobinsu su tsallaka titin Zariya su koma, don kada a fara karatun azahar babu su.